Ni Na Riƙe Wayar

Masu turo min saƙo kuna cewa in yi haƙuri, namiji ɗan lallashi ne, na gani kuma na gode. Amma ku bari ku ji na yau tukuna kafin ku ci gaba da ba ni shawara.

Ga waɗanda yau suka fara karanta ni: nas ce ni, kuma tun da cutar nan mai sarƙe numfashi ta shigo gari aka tura ni sashen da ake killace masu ita. Ban roƙa ba, ban kuma ƙi ba. A gida kuwa ranar da na faɗa, sai ka ce na ce musu maƙabarta zan koma da zama. Umma ta kwashe kayana daga ɗakinmu ta mayar ɗakin ajiya na bayan gida, inda tsohon keken ɗinkinta yake da tabarmin da ba a shimfiɗawa sai an yi baƙi. Kwanona daban, kofina daban, bokitina har jan ƙyalle aka ɗaura masa kada wani ya yi kuskure. Abinci a bakin ƙofa ake ajiye min, a ƙwanƙwasa a ruga. A nan ban ga laifinta ba, rabin dokokin ma ni na koya mata. Abin da ya ishe ni shi ne waƙar da take rera min kullum ta taga: ki ajiye aikin nan, 'ya mace da maganar aure a kanta ba ta wasa da ranta, asibitin ba na ubanki ba ne.

Maganar auren kuwa ta Mai Turare ce. Ƙanwata ce ta laƙaba masa sunan, don ƙamshinsa kan riga shi yin sallama. Ma'aikacin banki ne, dogo, mai sanyin magana, irin mutanen da ko taka su ka yi su ne za su ba ka haƙuri. Da wannan sanyin ya saye ni. Manya sun riga sun shiga maganar, har an taɓa kai ni na gaida mahaifiyarsa, cikin doguwar riga ruwan toka da mayafin da na ja har goshi. Ranar ko muryata ba ta ji da kyau ba. Kaina a ƙasa ina tsinkar zaren kafet, in ta yi tambaya in amsa can cikin maƙoshi, ni a dole mai kunya.

Da annoba ta zo komai ya tsaya, zance ya koma waya. Kullum in na dawo na yi wanka na kunna wayata, saƙonsa na jirana. "Jarumata, ya gajiya? Mama na gaishe ki, kullum sai ta sa ki a addu'a." Ina zaune a kan buhun tsofaffin kaya, karan hancina ya ɗaye saboda takunkumi, bayan kunnuwana duk ciwo, in karanta in yi ta murmushi ni kaɗai. Ina ce wa raina ko duniya ta guje ni, akwai gida ɗaya da ake alfahari da ni.

Bari in ɗan kai ku cikin sashen, don in ba ku san shi ba ba za ku gane abin da ya faru ba. Kafin mutum ya shiga sai ya sa riga a kan riga, safar hannu a kan safar hannu, hula, takunkumi, ga gilashi ya rufe fuska. In an gama shirya ki kin zama buhu mai ido. Ba a gane kowa, Matiron, shugabarmu, da kanta da tsayi take bambance mu. Gumi na gangarowa har ya taru a cikin takalmi, ba shan ruwa, ba zagayawa, sai an karɓe ki. Ga ƙarar iskar oksijin tana shuuu ba ƙaƙƙautawa, ga tari ta kowace kusurwa, sai kin ɗaga murya kafin mara lafiya ya ji ki, muryar ma ta fito kamar daga cikin tulu. 'Yan uwa ba sa shiga. Shi ya sa ban da allura da ƙarin ruwa da juya mutum rub da ciki don huhunsa ya samu sarari, akwai aikin da ba a koya mana a makaranta ba, wato riƙe waya. A sa wayar mara lafiya a leda, mu riƙe masa ita a gaban fuska ya ga iyalinsa. Na riƙe waya an bar wasiyya, na riƙe an yi faɗa a kan makullin shago, na riƙe wata tsohuwa ta ga jikanta sabon haihuwa. Duk abin da na ji a nan nake barinsa, ba nawa ba ne.

Wata safiya na karɓi aiki na tarar an kwantar da sabuwar mara lafiya a gadon bakin taga. Dattijuwa ce mai jiki, leɓenta ya yi duhu, ƙirjinta na hawa da sauka kamar wadda ta yi gudu. Na matsa zan gyara mata abin iska, na ga fuskar. Mahaifiyar Mai Turare ce.

Yadda na ƙarasa aikin ranar Allah kaɗai ya sani. Ina fitowa, ko gida ban bari na kai ba, na tsaya a jikin katangar asibiti na kira shi. Kuka yake kamar ƙaramin yaro. Na yi ta ba shi baki, na ce ya kwantar da hankalinsa, a hannuna take, gobe da safe zan faɗa mata ni ce don ta san tana da nata a ciki. Sai kukan ya tsaya cak.

"Don Allah kar ki faɗa mata."

Na ce me ya sa? Ya fara zagaye-zagaye, ya ɗauko daga gabas ya ajiye a yamma, ni dai na yi shiru har ya iso inda za shi. Ashe tun farkon annobar Mama ta ce ba za a kwaso mata cuta a kawo mata gida da sunan suruka ba, ko in ajiye aikin ko a bar maganar. Shi kuma da ya ga ba zai iya tunkarata ba, ba zai iya tunkararta ba, sai ya ce mata na ajiye. A wajenta ina gida ina jiran aure.

"To gaisuwar fa?" na tambaye shi. "Addu'ar da ka ce tana min kullum?"

"Ai da ta sani da ta yi," in ji shi.

Wallahi haka ya faɗa, da wannan muryar tasa mai sanyi. Na tsaya riƙe da waya ina kallon masu wucewa suna kauce min saboda sun ga daga ƙofar da na fito. Raina ya ɓaci, amma ɓacin ran bai kai kunyar da na ji ba. Kunyar duk murmushin da na yi a kan buhun nan.

Ina isa gida ban ko shiga ɗakina ba na tsaya nesa da tagar Umma na zayyane mata komai. Na ɗauka za ta saki abin da ke hannunta ta yi salati. Kayan wanki take ninkewa, ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce ita ta ba shi shawarar, kuma da mahaifiyarsa ta kira ta don ta tabbatar, ita da bakinta ta ce ƙwarai, yarinya ta ajiye aiki tuni.

"Asirinki na rufa," ta ce. "Wata rana za ki gode min."

Ku gaya min, tun yaushe aikina ya zama abin da ake rufa wa asiri? Sata nake zuwa ko yawon banza? Na so in faɗa mata haka, amma uwa uwa ce. Na shige ɗakin ajiya na bar abincin a bakin ƙofa har ya huce.

Shi kuma saƙo ya yi ta turowa kamar ruwan sama. Kar in faɗa wa Mama, kar in kira lambarta, kar ko gaisuwa in aika, don kada ta yi wata tambayar da za ta kwance komai. Hujjarsa ita ce in ta ji an yi mata ƙarya a wannan halin numfashinta zai iya tsayawa. Abin haushin, a nan yana da gaskiya, kuma na fi shi sanin haka. Wadda ke kokawa da iska ba a ɗora mata tashin hankali. Sai na haɗiye, na ja bakina na yi shiru.

Mama kuwa ba mara lafiya ce mai sauƙi ba. In kin sa mata abin iska kin juya baya ta cire, wai yana shaƙe ta. Kwanciyar rub da ciki ta ce ba ta yi ba tun tana goyo, ba kuma za ta fara da tsufanta ba. Likita ma sai da ta tambaye shi ko ya gama makaranta. Ni kaɗai take ɗan saurara wa, ban san dalili ba, ta kuma sa min suna Gajeruwa. In wata ta zo sai ta ce a kira mata Gajeruwa, hannun wannan ya cika nauyi. Ni ke juya ta, ni ke goge mata jiki, ni ke ɗaukar fo in zubar in wanke. In leɓenta ya tsage in shafa mata mai, in gashinta ya cukurkuɗe in tsefe in kama mata shi gida biyu. Akwai ranar da silindar iskarta ta ƙare ana tsaka da rana, masu kawowa ba su iso ba, ni na je na mirgino wata tun daga ƙarshen baranda, gilashina ya yi hazo ko gabana ba na gani. Ban yi don ɗanta ba. Haka nake yi wa kowa, sai dai ita in na juya baya nakan ji hawaye na haɗuwa da gumi.

Ranar da matar gadon kusa da ita ta cika, ni na ja labule. Da na fito Mama ta cafke wuyan hannuna, da ƙarfin da ban san tana da sauransa ba.

"Gajeruwa, ke ba kya jin tsoro ne?"

"Ina ji, Mama."

"To me ya zaunar da ke a nan?"

"In na tafi wa zai juya ki?"

Ta saki hannuna. Daga ranar ba ta sake cire abin iska ba, in na ce ta kifa sai ta kifa tana mita.

Duk wannan lokacin Mai Turare na nan yana min daɗin baki. "Kin ga ikon Allah, ya haɗa ku da kansa. Tana fitowa zan zaunar da ita in gyara komai, ki bar min." Ku yi min dariya, na yarda da shi. Mai son abu ba ya rasa hujja. Na ce wa kaina tsoro ne ya sa shi ƙarya ba rashin so ba, kuma duk namijin da ke tsoron ɓacin ran uwarsa zai ji tsoron na matarsa. Abu ɗaya dai na kiyaye, in lokacin wayarta ya yi sai in ba abokiyar aikina ta riƙe, ni in sulale wani gadon. Ban yarda da zuciyata in ga fuskarsa in yi kamar ban san shi ba.

To yau abokiyar tawa ba ta zo ba, ita ma zazzaɓi ya kwantar da ita. Mama kuma ta samu sauƙi sosai, an cire mata iska tun shekaranjiya, tana zama da kanta tana shan shayi tana kushe shi, likita ya ce gobe za ta iya tafiya gida. Kafin in sa kayan shiga na tura wa Mai Turare saƙo: "Yau ni zan riƙe wayar." Ya maido min da hoton zuciya, har da cewa zai yi kwalliya saboda ni. Ku riƙe wannan, ya san ni ce.

Da rana ta ce in kira mata shi. Na goge ledar, na danna, na tsaya a gefen gado na saita wayar a gaban fuskarta. Daga inda nake ina hango shi. Ya kuwa yi kwalliyar, farar riga an goge ta ƙal, an gyara gemu, yana zaune a kujerar falonsu. Mama ta ce ya gaida mai kula da ita, ta karkato hannuna ya gan ni.

"Sannu Sista," ya ce. "Allah ya saka da alheri."

Na gyaɗa kai. Wannan na san da shi, na shirya masa. Abin da ya biyo baya ne ban shirya masa ba.

Bayan sun gaisa ta tambayi gida da ƙannensa, sai ta gyara zama ta ce akwai maganar da take so ta yi tun kafin ta fito, don a kan gadon nan ta yi tunani mai yawa. Maganar yarinyar nan tasa ce.

"Tunda na kwanta ko sannu ba ta aiko ba. Ko waya. Tana gida a zaune, ba aikin fari ba na baƙi. Kuma wai nas ce. Ka ga yaran nan? Sun bar iyayensu suna kwasar kashinmu. Ita kuwa daga an ce ta ajiye sai ta ajiye, ta bar mutane suna mutuwa don kar aure ya wuce ta."

Ya buɗe baki, ta ɗaga masa hannu.

"Na sani, ni na faɗa da bakina. Ban san me nake faɗa ba a lokacin. Amma mai zuciya da ta ƙi. Wadda ta guji wannan ɗakin, ranar da na kwanta a gidanka ni ma za ta guje ni. Ba na son maganar nan, ka bar ta."

Jama'a, ban taɓa jin an zage ni an yabe ni a numfashi ɗaya ba sai yau. Amma ba ita nake kallo ba, shi nake kallo. Ga ƙofa an buɗe masa har bango. Uwarsa ta warke, numfashinta lafiya lau, da bakinta ta janye sharaɗin. Kalma kaɗan suka rage masa: Mama, ita ce a gabanki, ni na yi ƙarya. Zai sha faɗa, ƙwarai, wataƙila ta yi kwana biyu ba ta amsa gaisuwarsa ba. Shi ke nan abin da zai biya. Har na fara jin tausayinsa, ina ce masa a zuci faɗi mana, ina nan, tare za mu sha.

Ya kalli gefen da nake. Ya kalli ƙasa. Ya shafa gemun da ya gyara saboda ni.

"Haka ne, Mama," ya ce. "Ni ma abin ya dame ni. Ki dai dawo gida lafiya, yadda kika ce haka za a yi."

Ni ma abin ya dame ni. Bai ma tsaya a yin shiru ba, sai da ya ƙara nasa a kaina. Ya gwammace in zama mara tarbiyya mara imani a idon uwarsa da ya zama maƙaryaci na minti biyar. Kuma a gabana, da hannuna na riƙe masa wayar ya sayar da ni. Hoton ya fara rawa, Mama ta ce Gajeruwa hannunki ya gaji ko, shi kuma ya yi wuf ya ce ana kiransa a wani layin. Ya kashe.

Amfanin kayan nan ke nan, kina kuka ba mai sani. Na tsaya ina goge ledar da ba ta da datti. Zuciyata kuwa wani irin sanyi ta yi, irin wanda hannu ke yi in an daɗe da shi a cikin ruwa. Duk son da na yi ta tattalinsa a ɗakin ajiya na neme shi na rasa.

Mama ta jingina da filo ta sauke ajiyar zuciya kamar wadda ta sauke kaya. Ta daɗe tana kallona, sannan ta tambaye ni ko ina da aure. Na ce a'a.

"Mai nemanki fa?"

"Babu, Mama."

Ban yi mata ƙarya ba. Ta ce madalla, fuskarta ta washe. Ta ce ita ba ta ga fuskata ba kuma ba ta damu ta gani ba, ta ga abin da ya fi fuska. Ɗanta na ji na gani, yaro ne mai biyayya, ba ya tsallake maganarta. Tana fita tana so ta yi magana da mahaifiyata, in sa mata lambar a wayarta yanzu.

Na san zan iya cewa ban haddace ba. Zan iya cewa dokar asibiti ta hana, gobe ta tafi gida, su ƙarata can da ɗanta mai biyayya. Shi kam na gama da shi, ko a kan faranti aka miƙo min. Amma sunana fa? Matar nan za ta fita ta zauna a cikin dangi ta ce 'yar gidan su wance ta guji marasa lafiya, ta ƙi gaida ta tana bakin mutuwa, kuma ba wanda zai musa, tunda mutum biyun da suka san gaskiya su ne suka binne ta.

Na ɗauko na'urar auna iska na maƙala mata a yatsa tukuna, na jira lamba ta tsaya. Ta yi kyau, bugun zuciya ma daidai. Sannan na ɗauki wayar na fara danna lambar Umma da safar hannuna mai santsi. Ban kai ƙarshe ba sunan da Mama ta ajiye ta da shi ya fito da kansa: Uwar amaryarmu.

Na ɗauko tabaranta daga kan durowa na sa mata, na miƙa mata wayar.

Ta karanta. Ta sake karantawa, leɓenta na motsi. Ta ɗago ta leƙa cikin gilashina, ta daɗe tana kallon idanuna, sannan ta sauke kallonta kan hannuwana. Na ga lokacin da abin ya shige ta. Ba ta yi salati ba, ba ta tambaye ni komai ba. Ta cire na'urar daga yatsanta da kanta ta ajiye a kan zanin gado, ta miƙo min wayar.

"Kira min shi," ta ce. "Kuma ki riƙe da kyau."